Koyar da Zanen Alƙaluman Kasafin Kuɗi a Darasin Nazarin Zamantakewa: Misali daga Makarantun Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Nazarin Zamantakewa yana daga cikin darussan dole a makarantun ƙasar Ghana. Ɗalibi kan fara shi tun daga ƙaramar sakandare, ya rubuta shi a jarrabawar BECE, ya sake tarar da shi a babbar sakandare har zuwa jarrabawar WASSCE. Daga cikin abubuwan da darasin ya ƙunsa akwai bayanin yadda gwamnati ke tara kuɗi da yadda take kashe su. Abin da aka fi gani shi ne malami ya jero hanyoyin samun kuɗin shiga a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace, su mayar wa mai jarrabawa abinsa. Ɗalibin da ya bi ta wannan hanya yakan fita da sakamako mai kyau, amma idan aka miƙa masa shafi guda na kasafin kuɗin gundumarsa sai ya rasa ta inda zai kama.

Wannan takarda za ta duba yadda malami zai koya wa ɗalibai mayar da alƙaluman kashe kuɗin gwamnati zuwa zane, tare da kawo misalai daga unguwannin Zango na birnin Kumasi. Ra'ayin da aka gina takardar a kansa shi ne, jan layi da rula ba shi ne wahalar aikin ba. Wahalar tana wajen zaɓen adadin da za a zana, domin kowane zane yakan fito da wani abu ya rufe wani, kuma sai wanda ya taɓa yin zaɓen da hannunsa ke saurin gane inda wani ya yi rufa-rufa.

2.0 Muhallin da ake koyarwa

Zangon Kumasi ya samo asali ne daga fataucin goro. Hausawa da sauran 'yan arewa sun daɗe suna hulɗa da ƙasar Tonawa ta hanyar Salaga, amma zaman nasu a Kumasi ya bunƙasa sosai bayan Turawan Ingila sun kammala mamaye garin a 1900. A yau idan an ce Zango ana nufin unguwanni da dama, irin su Aboabo da Asawase da Sawaba da Yalwa da Alabar, inda Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Kotokoli da Zabarmawa da wasu ke zaune tare, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci.

A makaranta lamarin daban ne. Da Ingilishi ake koyarwa, harshen gida da ake karantawa a matsayin darasi a yankin kuwa shi ne Tuwi, domin Hausa ba ta cikin harsunan da hukuma ta zaɓa don koyarwa a makarantun gwamnati. Haka abin yake har a makarantun da ke haɗa boko da Arabiyya, waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a hukumar ilimi ta ƙasar a 1987. Duk da haka malamin da ke jin Hausa yakan koma gare ta idan bayani ya cije, kuma a nan ne buƙatar keɓaɓɓun kalmomi ke tasowa. A wannan takarda za a kira zanen da ake yi da dogayen ginshiƙai "zanen sanduna", wanda ake yi da da'ira a yayyanka ta "zanen faifai", wanda ke bin shekaru yana hawa da sauka kuma "zanen layi". Layuka biyu da ake ɗora zane a kansu su ne "layin tsaye" da "layin kwance", takardar zanen kuwa "takarda mai gidan dara". An zaɓi waɗannan kalmomi ne saboda ɗalibi zai iya komawa gida ya yi wa kakarsa bayani da su ba tare da tafinta ba.

Yana da kyau ɗalibai su san cewa alaƙar zane da kuɗin gwamnati tsohuwa ce. William Playfair, mutumin Sikotilan da ake danganta wa ƙirƙiro zanen sanduna da na layi, ya fitar da su ne a littafinsa na 1786, kuma cikin abubuwan da ya zana har da yadda bashin ƙasar Ingila ke hauhawa. Zanen faifai ya biyo baya a wani littafin nasa na 1801.

3.0 Inda ake samo alƙaluma

Ma'aikatar Kuɗi ta Ghana tana wallafa jawabin kasafi na kowace shekara tare da jadawalolinsa, tana kuma fitar da taƙaitaccen bugu da aka sauƙaƙa don amfanin jama'a. Kasafin kowace majalisar gunduma shi ma ana ɗora shi a shafinta na intanet. Rahotannin Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasa su ne ke nuna abin da ya faru bayan an kashe kuɗin. Inda takarda ta ƙi samuwa, dokar 'yancin neman bayani ta 2019 ta ba ɗan ƙasa damar ya nema a rubuce.

Kada malami ya zube wa ɗalibai waɗannan takardu gaba ɗaya. Kasafin ƙasa littafi ne mai kauri, kuma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ya ware layi biyar ko shida, ya rubuta su a allo, ya rubuta shekara da sunan takardar da ya ciro su a ƙasa. Manyan rukunonin da aka saba gani su ne albashin ma'aikata, kayan aiki da hidimomi, kuɗin ruwa na bashi, kason da ake tura wa asusu daban-daban, sai kuɗin ayyukan gine-gine.

4.0 Fara wa daga abin da ɗalibi ya sani

Yaron Zango ya san katin mai adashi, wanda mutanen Ghana ke kira susu, inda ake sa alama a gida ɗaya duk ranar da aka zuba. Katin mai zubi kullum yakan cika, na mai fashi yakan fito da giɓi, kuma ko wanda bai yi boko ba yana duba katuna biyu zai faɗi wanda ya fi zubi. Wannan shi ne tushen zanen sanduna. Malami na iya sa kowane ɗalibi ya rubuta yadda ya kashe kuɗin da aka ba shi na mako guda, nawa ya tafi ga koko da ƙosai, nawa ga mota, nawa ga ruwan leda, sannan ya zana. Darasi ɗaya ya isa wannan mataki. Abin da ake so ya kama shi ne, gida ɗaya na takarda yana wakiltar adadi ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma kowane zane sai da suna da ma'auni.

5.0 Zanen faifai da iyakarsa

Da'ira tana da digiri 360, don haka kowane kashi 1 cikin 100 yana cin digiri 3.6. Misali mafi dacewa ga ɗalibin Kumasi shi ne Asusun Bai-ɗaya na Majalisun Gundumomi. Sashe na 252 na Tsarin Mulkin 1992 ya tanadi cewa a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a zuba shi a wannan asusu duk bayan wata uku domin ayyukan raya gundumomi. Kashi 5 a faifai digiri 18 ke nan. A zamanin Shugaba Kufuor an ɗaga kason zuwa kashi 7.5, wato digiri 27, daga baya aka koma kan 5. Idan ɗalibi ya auna waɗannan kusurwoyi biyu da kansa, ya kuma tuna cewa wannan siririn yanki ne majalisu 261 ke rabawa, ya fahimci abin da dogon bayani ba zai fahimtar da shi ba.

Sai dai faifai yana da rauni, kuma ya kamata a nuna wa ɗalibai raunin da misali na kusa da su. A 2017 gwamnatin Shugaba Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya tsofaffin unguwannin birni da Zanguna, majalisa kuma ta zartar da dokar Asusun Raya Zango. A kasafin wannan shekarar an ware wa asusun kimanin sidi miliyan 219. Adadin yana da girma a kunne, amma bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin ƙasa ba, saboda haka a faifai ba zai kai ko digiri 3.6 ba, kaifin fensir ma ya kusa cinye shi. Ɗalibi zai iya yanke hukuncin cewa kuɗin ba komai ba ne, alhali faifan ne bai dace da tambayar ba. Kamata ya yi a jera asusun da takwarorinsa a zanen sanduna, ko a bi shi shekara bayan shekara. An soke ma'aikatar a 2021, wanda hakan ke nufin mai bin sawun kuɗin daga wannan shekara sai ya neme su a ƙarƙashin wani ofishin.

6.0 Abin da aka ware da abin da aka saki

Wannan shi ne sashen da ya fi cancantar malami ya daɗe a kai. Kuɗin gwamnati yana da matakai uku, akwai wanda aka ware a takarda, akwai wanda baitulmali ya saki, akwai kuma wanda aka kashe a kan aikin. Jawabin kasafi da ake karantawa a majalisa, rediyo ya watsa, yana magana ne kan mataki na farko kaɗai. Alkawari ne, kuma Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. Ɗalibin da ya zana abin da aka ware ya sa masa suna "abin da gwamnati ta kashe" ya yi kuskure tun daga take, ko da kuwa sandunansa sun miƙe sambal.

Maganin abin shi ne a riƙa tsayar da sanduna biyu kafaɗa da kafaɗa a kowace shekara, ɗaya a yi mata inuwa, ɗaya a bar ta fara. A ɗauki alƙaluman gwaji, waɗanda ba na wata gunduma ba ne: an ware sidi miliyan 10, an saki miliyan 6. Idan gida ɗaya na wakiltar miliyan ɗaya, sanda ta farko gida 10 ce, ta biyu gida 6, giɓin da ke tsakani gida 4. Daga nan malami ya tambaya, wane ne ya ji zafin gida huɗun nan? Ɗalibai da kansu za su kawo amsa, ajin da aka ɗora wa kwano aka bar shi babu tagogi, ko kwalbatin da aka fara aka tsaya, wanda duk mazaunin gefen rafin Aboabo ya san abin da rashinsa ke jawowa da damina.

Asusun Bai-ɗaya ya dace da wannan gwaji, domin ƙorafin jinkirin sakinsa tsoho ne, kuma an yi shi a ƙarƙashin gwamnatocin jam'iyyun NDC da NPP duka biyu. Bayan jinkiri akwai abin da ake cirewa tun daga sama, kamar kason 'yan majalisar dokoki da na wasu shirye-shiryen ƙasa, ta yadda abin da ke isa asusun gunduma yakan gaza abin da lissafin kashi 5 ke nunawa. Batun ya kai har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 2019 cewa ba a yarda kason ya gaza abin da tsarin mulki ya tanada ba. A kasafin 2025 kuma Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ya sanar da cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na asusun za a riƙa tura shi kai tsaye ga majalisun. Wannan sanarwa ita kanta aikin aji ce, ɗalibai su zana sandar alkawari, su bar gurbin ta biyu har sai rahoton abin da aka saki ya zo hannu.

7.0 Tarkon zanen layi

Zanen layi shi ne ya fi saurin yaudara, domin ido yakan ɗauka cewa abu ɗaya ake aunawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A Ghana akwai abubuwa uku da ke karya wannan zato.

Na farko canjin kuɗi. A watan Yulin 2007 aka sauya takardun kuɗi, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwar sidi 1. Takardar 2006 da ta ce sidi biliyan 50 tana nufin miliyan 5 ne a kuɗin yanzu. Wanda ya haɗa alƙaluman kafin canji da na bayansa ba tare da ya raba na farkon da 10,000 ba zai ga layinsa ya faɗo ƙasa warwas, kamar an daina kashe kuɗi a ƙasar. Ɗalibai kan ji daɗin wannan sashe, domin da yawansu sun taɓa jin dattawa a kasuwa suna kiran sidi 100 da "miliyan ɗaya" ba tare da sun san dalili ba.

Na biyu hauhawar farashi, kuma ya fi na farko wuyar ganewa. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, ma'ana kayan da aka saya sidi 100 shekara guda kafin nan sun koma kimanin sidi 154. A ce wata makaranta an ƙara mata kaso daga sidi 100 zuwa 130 a wannan tsakani. A zane layi zai hau, mai jawabi zai ce an yi ƙarin kashi 30. Amma idan aka raba 130 da 1.54 za a sami kimanin 84, wato abin da kuɗin ke iya saya ya ragu. Ga ɗaliban ƙaramar sakandare ba sai an shiga lissafin ma'aunin farashi ba. Ya isa a tambaye su ƙosai nawa sidi ɗaya ke saya lokacin da suke aji ɗaya da kuma yanzu, sannan a sa su sake zana layin da adadin ƙosai ko buhun siminti a madadin sidi. Sau da yawa layin da ke hawa a zane na farko yakan kwanta ko ya sunkuya a na biyu. Haka kuma yawan jama'a na ƙaruwa, ƙidayar 2010 ta ba da kimanin mutum miliyan 24.7, ta 2021 kuwa miliyan 30.8, don haka ɗaliban babbar sakandare sai su ƙara da raba kuɗin da yawan mutane.

Na uku sauyin iyakoki, wanda ya shafi Zango kai tsaye. A 2012 aka yanko gundumar Asokore Mampong daga majalisar birnin Kumasi, Aboabo da Asawase da Sawaba suka koma can. A 2018 aka sake yanko Oforikrom da Asokwa da Suame da Kwadaso da Tafo. Duk wanda ya zana kasafin majalisar birnin Kumasi daga 2010 zuwa 2020 yana auna gari ne da ke ƙanƙancewa a hannunsa. Dole a ja ɗigo-ɗigo a tsaye a kan waɗannan shekaru biyu a rubuta dalili. Tambaya ta farko ma da ya kamata malami ya yi wa aji ita ce, unguwarku a ƙarƙashin wace majalisa take? Ba kowane ɗalibi ke iya amsawa ba.

Akwai kuma saukar da ba ta nufin sauƙi. Kafin 2023 kuɗin ruwa na bashi yana cikin rukunoni biyu mafi girma a kasafin Ghana, tare da albashi, kuma a 2022 ya zarce abin da aka kashe a ayyukan gine-gine. A watan Disambar wannan shekarar gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma fara sauya takardun bashin cikin gida, kafin Asusun Lamuni na Duniya ya amince da tallafin dala biliyan 3 a watan Mayun 2023. Ɗalibin da ya ga nauyin kuɗin ruwa ya ragu bayan haka yana iya zaton an biya bashi, alhali ɗage biyan aka yi da sake tsara shi. (A ajin da yawancinsa Musulmi ne, wannan rukuni yakan jawo tambaya kan riba. Tambaya ce mai kyau, amma a ajiye ta ga malamin Fiƙihu, kada ta cinye lokacin zane.)

8.0 Ma'auni

Layin tsaye na zanen sanduna daga sifiri yake farawa. A ba ɗalibai lambobi biyu, 95 da 100, a sa rabin aji su fara daga sifiri, rabi kuma daga 90. A zanen rukuni na farko sandunan kusan kai ɗaya, a na biyu ɗaya ta ninka ɗaya, domin gida 5 ne da gida 10. Babu wanda ya rubuta lambar ƙarya a cikinsu. Bayan wannan gwaji sai a sa su kawo zanen da suka gani a jarida ko a allunan yaƙin neman zaɓe ko a WhatsApp, su duba inda layin tsayensa ya fara.

9.0 Siyasa a aji da yadda za a ba da maki

Mazaɓar Asawase ta shahara da kasancewa tungar NDC a tsakiyar yankin da NPP ke da rinjaye, kuma yara kan zo aji da ra'ayin gidajensu. Malamin da ya zaɓi shekaru huɗu na gwamnati ɗaya ya zana, ko don yabo ko don suka, zai iya samun iyaye a ƙofar ofishin shugaban makaranta washegari. Abin da ya fi shi ne ya ɗauki tsawon lokacin da ya ratsa mulkin jam'iyyun biyu, misali daga 2013 zuwa 2020, ya fara rubuta shekaru kawai ba tare da sunan shugaba ba. Sai an gama zane an tattauna sannan a sa sunayen. Haka kuma ya raba abin da zane ke iya faɗa da abin da ba ya iyawa. Giɓi tsakanin abin da aka ware da abin da aka saki yana nuna cewa kuɗi bai iso ba, amma bai ce an sace ba. Yana yiwuwa haraji ne bai taru ba, ko an karkatar da kuɗin zuwa biyan bashi. Hukunci kan almundahana aikin rahoton mai binciken kuɗi ne da kotu.

Wajen ba da maki, tsabtar zane da kyan launi kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran a raba shi tsakanin take mai faɗin gaskiyar abin da aka zana, da ma'auni, da ambaton inda aka samo alƙaluma, da jimloli uku da ɗalibi zai rubuta a ƙasan zanensa: abin da zanen ya nuna, abin da bai nuna ba, da tambayar da zai yi wa wakilin unguwarsu a majalisar gunduma in sun haɗu. Inda hali ya yi, a gayyato wakilin zuwa aji a ƙarshen zangon karatu, a manna zanukan a bango, kowane rukuni ya yi bayaninsa da Ingilishi sannan ya maimaita da Hausa saboda iyayen da suka halarta.